Malam Iro Baduku da Likitoci Shida

A Ƙofar Guga babu wanda zai ce ya taɓa jin Malam Iro baduku ya ambaci ciwo da bakinsa. Shekara arba'in yana ɗinkin takalma a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa, kuma tare da rumfar ya gaji aƙidar cewa mutumin kirki ba ya kai kukan jikinsa gaban mutane, balle gaban baƙi. Ranar da basilla ta huda masa tafin hannu, da aka yi masa sannu cewa ya yi da sauƙi, jini na ɗiga a kan takalmin wani ango.

Bara waccan ya yanke jiki ya faɗi yana cikin yankan fata. A asibiti aka ɗauki hoton kansa, aka ce wata jijiya ce ta yi ƙululu ta fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Sai dai hoton ya nuna wani ƙululun na biyu a bayan ido, wanda aka ce sai an riƙa sa masa ido. Aka saka shi cikin wani bincike da likitocin gida ke yi tare da na Masar da Indiya da Jamus. Duk wata uku, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rahinatu takan zaunar da shi gaban kwamfuta, likitocin nan uku su bayyana, ita tana tafinta. Wanda jikinsa ya nuna alamar haɗari, sai a sa shi a jerin waɗanda za a yi wa aiki in tawagar likitocin ta zo.

Malam Iro ya ɗauki abin a matsayin ziyara. Yakan zo da babbar riga da turare. In aka tambaye shi jiki, ya ce, "Lahiya lau, da sauƙi ƙwarai." Sai a rubuta haka a ƙasashe uku. Na Jamus ya ce bai taɓa ganin majinyaci mai murmurewa irinsa ba.

A gida kuwa matarsa Hure ta san gaskiya. Kai na sara masa, ido ɗaya ya fara sauka, yana ganin abu ɗaya biyu, har yakan kai basilla inda babu fata.

"Malam, ka hwaɗa masu mana," in ji ta.

"Mutane sun taso tun daga bangon duniya su gaishe ni, in tarbe su da ciwon kai? Hure, a gidan wa aka rene ki?"

"Ba su taso ba. Cikin akwati suke."

"To, na cikin akwatin ba mutane ba ne?"

Ranar zama na ƙarshe kafin a rufe jerin, Hure ta bi shi, ya kafa mata sharaɗin kada ta buɗe baki. Ya karkato hula ta yi wa idon da ke sauka inuwa, ya fara gaisuwa yadda aka koya masa: kowa da tasa, ba a haɗa manya a gaisuwa ɗaya. Ya tambayi na Masar iyali da gajiya. Ya koma kan na Indiya, sannan na Jamus. Da ya gama, ya ɗan muskuta dama, ya dubi farin bango, ya ce, "Ranka shi daɗe, kai ma barka da zuwa. Ina gajiya?"

Rahinatu ta ajiye biro. "Baba, mutum nawa kake gani?"

"Shidda mana. Yau sun zo da 'yan'uwansu."

Hure ta cika alkawari, ba ta ce uffan ba. Hannu kawai ta sa ta cire masa hular.

A ranar aka sake ɗaukar hoto, sunansa ya hau saman jeri. Bayan mako biyu aka yi aikin, aka toshe ƙululun kafin ya fashe.

Da ya farfaɗo, likitan Masar ya sunkuyo a kansa, wannan karon da jikinsa ba a akwati ba, ya tambaye shi yaya yake ji. Malam Iro ya ce da sauƙi. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da maganar ta zama gaskiya tsantsa. Likitan ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya juya ya ce a kira masa Hure ya ji ta bakinta.