Babur a Ƙarƙashin Gero

Tun da aka buɗe wa motarsu wuta a hanyar Gummi, tana dawowa daga bautar ƙasa, Zinatu ba ta zama a tashar Anka sai ta ƙare wa kowa kallo. Yau idonta na kan wani siririn dattijo da ke tura babur, yana zagaya motocin a-kori-kura. Ba ruwansa da taya, zurfin bodi yake aunawa da kamu. Ɗan acaɓa ne, ta ayyana a ranta, kuma wannan babur ke ciyar da gidansa.

"Baba, mu ɗaure shi tsaye bisa kaya, ya fi arha," in ji wani direba da ke lodin gero.

"Tsaye? Su hango shi tun daga daji su tare mu? Kwantar da shi, yaro, ka danne da gero."

"Mai na zubewa fa."

"Na tsiyaye shi tun gida."

Yana kwance madubai yana cusawa a aljihu, kada su ƙyalla. Ana ta jera buhuna har babur ya ɓace. Dattijon ya hau ya zauna, ya zura hannu tsakanin buhu biyu ya damƙi ƙarfe, leɓɓansa na motsi.