Askin Baba Dattijo

Yayana mai aski ne, kuma tun tasowarmu ban san shi da wani abin alfahari ba sai hannunsa. Shagon nasa ɗan mitsitsi ne: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi. Ba ya ɗora reza a wuyan kowa sai ya motsa leɓe ya ce, "Yesu, riƙe mini." Na sha tsokanarsa, wai ko gemu ma sai an taso Ubangiji?

Bara hannun ya fara rawa. Likita ya ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Yaya ya yi addu'a, ya yi azumi har ya rame, rawar ba ta fasa ba. A shago ya koma aski da inji, yana ce wa mutane reza ta zama tsohon yayi.

Amma akwai Baba Dattijo, tsohon dattijon cocinmu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Duk Asabar yaya ke zuwa gida ya aske shi, kuma da reza, don inji yana fesa masa ƙuraje. Tsohon ba ya iya kauda kai, balle ya kare wuyansa. Tunanin wannan ne ya hana yaya sakat.

Wata Asabar ya ce in raka shi. A hanya ya ce, "Idan na yanke shi fa? Na san Allah yana ƙaunata, amma dubi hannun nan."

Ni mai bakin tsiya, ranar ban tsokane shi ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ɗakin yana warin man zafi. Yaya ya tallafi kan tsohon da matashi, ya shafa kumfa, ya ɗauki reza. Ina kallon bakinta yana karkarwa. Sai ya sauke hannu.

"Baba, hannuna ya lalace. Ban gaya maka ba."

Tsohon ya yi magana da ƙyar, da ɓarin bakin da ya rage masa. "Tun bara nake jin rawar a fatata, ɗana."

"Kuma ka bar ni?"

"Ni ma da rabin baki nake yabon Ubangiji. Bai taɓa ce mini in yi shiru ba."

Ya rufe ido, ya bar masa wuya. Yaya ya fara a hankali, gumi na ɗiga daga goshinsa, ni kuwa na ƙanƙame ƙarfen gado. A ƙasan haɓa rezar ta kuskure. Jini ya ɓullo ja a cikin farin kumfa, yaya ya sandare a tsaye.

Baba Dattijo bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Saura ɗaya gefen."