Dabino Uku a Hanyar Birnin Gwari

Zariya, biyar saura kwata na asuba

Ranar Talata muka fita daga gida ana kiran sallah, ni da Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Shekararsa talatin da huɗu yana ɗinki a Jidda. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa, can kuma ciwon suga ya kama shi, har ya kai sai da allura safe da yamma. Abin da ya kawo shi gida babbar yayarsu ce, Inna Hajara, wadda rashin zaman lafiya ya taso daga Kuyello zuwa cikin garin Birnin Gwari, ga shi ɓarin jikinta ya shanye. Rabonsu da ganin juna shekara goma sha ɗaya.

Ni aka zaɓa in raka shi, ba don na fi kowa zuciya ba, sai don muna hutun jami'a, kuma an san ni da rubuta komai. 'Yarsa Ummi ta kira ni daga Jidda har sau uku tana nanata mini cewa in ya yi allura, kada rabin awa ta wuce bai ci abinci ba. Na rubuta a ɗan littafina. Na naɗe allurar a tsumma na sa a fulas mai ƙanƙara, na ƙulla sukari mai ƙwaya a leda saboda ko-ta-kwana. Umma, mahaifiyata, kuwa sai da ta sa ya cire farar jallabiyarsa ya sa tsohuwar rigar mahaifina.

"Yaya, hanyar nan ba ta son mai kama da kuɗi," in ji ta.

Kaduna, bakwai saura minti ashirin

Mun ci kilomita kusan tamanin ba matsala. A tashar Mando muka samu ƙaramar bas tana lodi. Ƙarfe bakwai da minti biyar Kawu ya yi allurarsa a bayan masallaci. Na sayo masa burodi da ƙosai mai zafi, na tafi wajen ɗaure kaya. Ɗan kamasho ya ce jakata ma sai dai a sama, babu wurin ƙafa. Na cire fulas da na'urar gwajin suga, na miƙa masa jakar.

Da na dawo na tarar Kawu yana bin fasinjoji da dabinon da ya zo da shi, uku-uku, har ledar ta ƙare. "Sadakar hanya ce," yake cewa, "a sa mu a addu'a."

"Kawu, ka ci abincin?"

"An gama da wannan, Habibu."

Ban saba ja da babba ba. Na rubuta: bakwai da ashirin, ya ci.

Buruku, takwas da rabi

A shingen sojoji motoci suka taru ana jiran rakiya. Babu mai talla ko ɗaya, an ce an hana su matsowa. Kawu ya dinga leƙe ta taga.

"Direba, ina mai wainar nan ta gindin durumi? Ai nan ake sauka a karya."

Direba ya kwashe da dariya. "Baba, yaushe rabonka da hanyar nan? Mai waina da durumin duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu daga nan sai Birnin Gwari. Ko taya ce ta fashe, a kan ƙarfe za mu ƙarasa."

Kawu ya gyara hula ya daina leƙen taga. Na ga fuskarsa, ban karanta ta ba.

Cikin daji

Tara saura kwata aka saki hanya, motar sojoji a gaba. Damina ce, ciyawa ta fi mutum tsawo a gefen titi. Muka wuce ƙauyuka biyu da rufin ɗakunansu ya rufta, da gawar wata mota da ta ƙone tuntuni. Waya ta daina kamawa. Duk motar babu mai magana, sai ƙarar carbi. Mun wuce Udawa tara da kwata, ba a tsaya ba.

Kawu ne kaɗai ke hira, a hankali, kusa da kunnena. "Ka san abin da ke hana ni barci a can? Asibiti ga shi a bakin layi, firji ba ya mutuwa. Amma abokan zuwana duk sun ƙare. Jikokina in na yi musu Hausa, da Larabci suke amsawa. In na ce in dawo, wa zai riƙe mini ciwon nan? In na zauna, wa ya san sunan ubana?"

Na juyo na dube shi. Gumi ya jiƙe wuyan rigar, alhali iska na shigowa. Hannunsa na rawa. Ya kira ni da sunan mahaifina. Na huda masa yatsa don gwaji. Na'ura ta nuna hamsin da biyu, ya yi ƙasa sosai.

"Kawu, abincin nan ka ci shi?"

"Wani dattijo na gani a ƙofar masallaci," ya ce, harshensa ya yi nauyi. "Shi na ba, na ce ni zan ci waina a Buruku."

Na kai hannu neman sukari, sai na tuna yana cikin jaka, jaka tana sama ƙarƙashin buhuna da igiya. Ni da aka zaɓa don ba na mantuwa.

"Direba, don Allah ka tsaya minti biyu!"

"A nan? Ɗan makaranta, rai goma sha huɗu na ɗauko. In na bar layi ba mai jira na." Bai ko juyo ba.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Jama'a, wa ke da abu mai zaƙi? Alawa, lemo, komai! Sugansa ya faɗi, zai iya suma!"

Aka shiga lalube. Wannan goro, wancan ruwan leda. Dabinon kuwa kowa ya cinye tun a tasha. Sai wata dattijuwar Bafulatana a kujerar baya ta kwance bakin mayafinta. Dabino uku, ta ce jikarta ta ajiye wa. Aka miƙo su hannu zuwa hannu.

Kawu ya gane su, ya kau da kai ya datse baki. "Sadaka ce. Abin da na bayar don Allah ba ya komawa cikina."

Na roƙe shi, wani malami a gaba ya ce lalura ce, bai ko dube mu ba. Idonsa ya fara lumshewa.

"Alhaji," matar ta ce, "da ka ba ni, ya zama nawa ko bai zama ba?"

"Ya zama."

"To ni ba sadaka na ba ka ba. Baƙo na gani a ƙasarmu, na yi masa kyauta. Hannuna za ka mayar mini?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannuna. Sannan ya buɗe baki. Na cire ƙwallayen na dinga ba shi kaɗan-kaɗan, idona a kan agogo. Bayan kwata guda na'ura ta nuna saba'in da takwas. Wani manomi ya tuna da dafaffen rogo a aljihunsa, Kawu ya ci ba gardama.

"Baba," in ji direba, "in mun isa ni zan saya maka wainar, ka bar tayar mana da hankali."

Birnin Gwari, sha ɗaya saura minti biyar

Kilomita ɗari da ashirin da wani abu daga Kaduna. Ina ta fama da kwance jaka, kafin in waiwaya matar ta shige kasuwa.

Inna Hajara na kwance a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba ta aro. Kawu ya durƙusa a bakin tabarma ya ce, "Yaya." Ta shafa fuskarsa da hannun da ke motsi. "Sale, kai ma ka tsufa? Wa ya ba ka izini?" Na fita na ba su wuri.

Babu wutar lantarki, ƙanƙarata ta narke. Inna ta sa aka tura kwalbar allurar cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta yi sanyi har muka taho. Da ta ji labarin hanya ta yi masa tatas, kamar shi ba mai shekara saba'in ba ne. Ya ce yana tunanin dawowa gaba ɗaya. Ta ce, "Ka koma inda maganinka yake. Na gan ka, ka gan ni. Kada ka riga ni tafiya ka bar ni da kuka." Kwana uku muka yi, kullum tuwon dawa da miyar kuka, kullum ina zaune gabansa har sai ya sauke loma ta ƙarshe.

Komawa, ranar Juma'a

Mun taso bakwai da rabi, sukari a aljihun gaban rigata. Ba mu ga komai ba sai shanu. Huɗu saura kwata muka shiga gida, Umma na tsaye a zaure tun azahar.

Da yamma Kawu ya gan ni da littafi. "Ka rubuta duka, har da wautata. Ummi ma ta karanta. Amma ka fara sa sunan baiwar Allah nan."

Na buɗe shafin Talata. Akwai lokacin allura, akwai hamsin da biyu, akwai saba'in da takwas. Babu sunanta. Cikinmu ba wanda ya tambaya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa direba da mai rogo. Ke kuma Inna mai mayafi, Kawu ya koma Jidda lafiya, ya sayi wata ledar dabino ya bar mini ya ce ta jikarki ce. Tana nan a ajiye.