Hanatu Mai Injin Niƙa da Marsandin Mijinta

Duk Dugabau an san yayata Hanatu da injin niƙa, an kuma san ta da baki. Shekara ashirin da biyu tana tayar da injin nan mai shan dizal a cikin gidanta, ba ta taɓa yarda bakanike ya sa masa hannu ba. Man da ta sayo a jarka ma sai ya kwana biyu a ajiye, ruwa da datti sun kwanta, sannan ta tace shi da tsohon ɗankwali. Mu ƙannenta mun sha yi mata tsiya cewa mijinta Ɗanmalam warin dizal ya aura.

Ɗanmalam na da tsohuwar Marsandi, ita ma 'yar dizal, wadda ta girmi ɗansu na fari. Shi ke tuƙi, Hanatu ke juyen baƙin mai da wanke filta duk Asabar. Amma da yake a bayan katanga take yi, gari ya ɗauka shi ne gwanin.

Bara da damina ɓarin jikin Ɗanmalam ya shanye. Likita a Gwarzo ya ce a riƙa kawo shi gashin ƙashi sau biyu a sati, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. Babur ba ya zaunuwa gare shi, motar haya kuma ba ta zuwa ƙofar gida. Sai wansa, Alhaji Zubair, ya karɓi makulli zai riƙa kai shi.

Sati biyu kacal Alhaji ya yi, ya bar mai ya ƙare ƙaf a hanyar Kabo. Ya sayo ya zuba, mota ta ƙi tashi. Ya yi ta murɗa makulli har batir ya mutu, ya tara jama'a aka yi ta turi kamar motar fetur. Ƙarshe da shanu aka jawo ta gida. Alhaji, da bai san inda ake buɗe bonet ba, ya yanke hukunci inji ya buga, ya kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo Laraba ya yanka ta. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake, don babu wanda ya tuna da Hanatu. A bakin masu kawo niƙa ta ji labarin za a yanka motar.

Ranar Laraba da hantsi ta aiko in kai mata batir mai caji. Na iso na tarar da mai gwangwan yana zagaya mota yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Hanatu ta fito da hijabinta, sifana biyu a hannu, ta durƙusa ta gai da Alhaji, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Yaya Alhaji, iska ta sha. In dizal ya ƙare, iska ke cika tiyo, ko shekara za a yi ana turi ba za ta tashi ba.”

Alhaji ya ce wannan ba injin niƙa ba ne. Ita kuwa ta buɗe bonet.

Ta sassauta notin kan filta, ta kama ɗan famfon hannu da ke gefen inji tana bugawa. Kumfa ta yi ta fitowa, sai daga baya mai ya ɓullo wasai. Ta ɗaure, ta sassauta notocin nozul masu fesa mai cikin inji, ta ce in kunna in jira fitilar hita ta mutu kafin in murɗa. Inji ya yi tari, ta ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya. A murɗawa ta uku Marsandi ta girgiza, ta watsa wa mai gwangwan baƙin hayaƙi a farar shaddarsa. Ni dai kaina ya kumbura, na shiga faɗa wa 'yan kallo uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, sai ka ce akwai wanda bai sani ba.

Alhaji ya miƙo hannu a ba shi makulli. Hanatu ta ce masa cikin ladabi ai ya sha wahala, ya huta. Tun daga ranar ni ke tuƙi, ita ke leƙa tanki kafin mu tashi, kuma ba mu sake fashin gashi ba.

Wata na biyar, na zo ɗaukar Ɗanmalam kamar kullum, na sunkuya zan ciccibe shi, ya ture hannuna. Ya dogara sanda ya tako daga ɗaki har ƙofar gida, ya buɗe ƙofar motar da kansa. Hanatu na tsaye da jarka a hannu. Ta dire ta a hankali, ta ce niƙa na jiranta, ta juya ciki tana share ido da gefen hijabi.