Tafiretar Maraɗi

Jikata tana aiki da wata ƙungiyar agaji a Katsina. Ran nan ta zo gaishe ni, ta zauna tana ƙorafi, wai an ba ofishinsu kwamfutoci cike da manhajoji, ga ta rubutu, ga ta lissafi, ga ta tsara taro, har an turo mai koyarwa ya yi musu bita aka ci shinkafa aka watse, amma har gobe in suna son sanin ƙauyen da aka kai wa magani sai sun kira direba a waya sun tambaye shi. Ta dube ni tana jiran in yi mamaki. Ni kuwa ba ni da sauran mamakin da zan yi wa inji, nawa ya ƙare a Jibiya tun ba a haifi uwarta ba.

Zamanin kuɗin mai ne. Kowa na sayen abin da bai san amfaninsa ba. Wanda ba shi da lantarki ya sayi firiji ya zuba tufafi a ciki. Manyan motoci kan yi layi a bakin iyaka tun daga shingen kwastan har inda ido ya gaji, kayan Kano na fita, kayan Maraɗi na shigowa. Ni ina koyarwa a firamare, kuma ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar taimakon kai da kai, muƙamin da ba shi da albashi sai ciwon kai. Aikinmu yasar rijiyoyi da ajin yaƙi da jahilci a ƙauyuka. Ajin ƙauyen Mazanya shi ya faɗo a kaina, nakan tafi a keke bayan la'asar.

Ba mu da littafi. Waɗanda aka taɓa aiko mana gara ta riga mu karance su. Abin da muke da shi katako ne da muka shafa wa baƙin tsohon batir, sai alli. Nakan rubuta baƙi ɗaya kamar tafin hannu saboda na baya su gani.

A cikin ɗalibaina akwai wani dattijo manomi. 'Ya'yansa wasu sun shiga coci, wasu sun shiga masallaci, shi yana nan kan abin da ya gada, ba ya faɗa da kowa. Ya fi kowa naci, ya kuma fi kowa tsokana. Yanar ido ta fara kama shi, duk mako sai ya ƙara jawo buzunsa kusa da allo, har sai da na riƙa tsallake ƙafafunsa in zan yi rubutu. Wata rana da aka tashi ya riƙe mini sirdin keke.

Ya ce, "Malam, rubutun ga naka na san shi kamar muryarka, ko ban gani da kyau ba ina cinta. Ni so nike in gwada kaina da na inji, irin na jikin takardun gwamnati. Ka samo mani guda, in tahi da shi gida in karanta ni kaɗai, ba kai tsaye bisa kaina."

Na ce, "Baba, za a samu."

Ya ce, "Ka dai yi da jiki. Idanun ga sun fara yi mani sallama."

Na kai maganar taron ƙungiya, na ce muna bukatar tafireta mu riƙa buga wa ɗalibai abin karantawa. Shugabanmu wani Alhaji ne mai fataucin atamfa tsakanin nan da Maraɗi. Mutum ne mai kyauta, wannan ba zan hana shi ba, sai dai yana son a ga kyautar tana tafiya. Ban rufe baki ba ya ce ya ɗauki nauyi. Ba a jima ba sai ga tafireta sabuwa fil daga Maraɗi, mai ruwan toka, a cikin akwatinta. Aka tara jama'a, aka raba goro, aka kira mai hoto. Ni ma ina cikin hoton, ina washe baki kamar gonar auduga.

Daga wajen taron aka wuce da ita falon Alhaji, tunda ofishin ƙungiya ba shi da ƙofar kirki. Aka ɗora ta a kan tebur, aka lulluɓe ta da ƙyalle mai surfani, aka sa mata furen roba a ka. Duk baƙon da ya zo sai a ɗaga masa ƙyallen ya ce masha Allah, a mayar.

Na fara sintiri. Yau Alhaji ya haye Maraɗi. Gobe makullin falo na wurin uwargida, ita kuma ta tafi biki Daddara. Ran da na same shi a gida sai ya ce, "Malam, abin ga sabo ne, a bar shi ya huta tukuna. Ka san kayan Turawa ba su son garaje." Na ce, "Alhaji, ai don aiki aka saye ta." Ya ce, "To, gudu za ta yi?" Na yi sallama na fito, don wanda ya saya shi ke da magana. A Mazanya kuwa dattijon nan ba ya ma tambaya ta da baki. Da na jingine keke sai ya dubi hannuna, ya ga alli ne kawai, ya gyara zama.

Abin da ya buɗe mini falon ba roƙona ba ne. Wani babban jami'i ne zai zo duba ayyukan ƙungiyoyi, Alhaji yana son jawabin maraba bugagge. Aka yaye ƙyalle, aka ba ni kujera. Na koyi bugu a Katsina, irin wanda ba a duban yatsu, don haka na ɗaga kai sama ina ji da kaina, na sakar mata hannu. Da na duba takarda, inda na nufi "Barka da zuwa" sai na ga "Bqrkq dq wuzq". Ashe tafiretar Faransawa ce, baƙaƙenta ba a inda na saba suke ba. Inda wasalin a yake zama, q ce ta share wuri. Hausa kuwa in ka cire mata a, ka zubar mata da haƙora. Dole na koma bugu da yatsa ɗaya, ina tsattsaga kamar kaza.

Ba a nan ta tsaya ba. Tana da wasu baƙaƙe masu hula da masu wutsiya waɗanda ba su da aikin yi a Hausa, amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Na ciro biro zan lanƙwasa musu kai da hannu, Alhaji ya dafe takardar. Ya ce, "A'a, kar ka ɓata aikin inji da bik." Na bari. Ranar taro ya miƙe gaban jama'a, shi kuma mai bin rubutu ne baƙi bayan baƙi, abin da ya gani shi yake faɗa. Ya gyara murya ya ce muna maraba da manyan baki. Jami'in nan kuwa Allah ya hore masa leɓe. Wasu suka duƙar da kai, wasu tari ya kama su.

Laifin ya dawo kaina, tafireta ta koma ƙarƙashin ƙyallenta. Ban yi musu ba. Gajiya ta riga ta kama ni, irin wadda ba barci ke maganinta ba. Da aka huce aka sake ba ni dama, sai na tarar ƙyallen tawadarta ya bushe don zama. Babu irinsa a Katsina, sai Maraɗi. Na ba wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, saƙo, ya kawo wanda bai shiga ba, na sake ba shi, ya manta. Ana cikin haka ruwa ya sauka, aji ya watse, kowa ya kama gona.

Bayan kaka aka dawo aji, buzun dattijo ba ya gaban allo. Aka ce mini yana gida, ba ya son fita saboda tuntuɓe. A daidai lokacin ne Alhaji ya sayo talabijin da janareta, yana neman inda zai ajiye. Ya aiko a kira ni ya ce, "Malam, zo ka ɗauke abin ga taku, ta cika mani wuri." Haka kawai. Na ɗaure ta a bayan keke na kai ɗakina, ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba.

Na zauna na buga shafi guda da kalmomin da na san ya iya, labarin wani manomi da jakinsa ya ƙi haye gulbi ranar kasuwa. Na bi kowace ƙ da kowace ɗ na lanƙwasa mata kai da biro, ba mai dafe mini hannu. Takardar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na sa ta tsakanin kwali biyu don kada ta yamutse, na hau keke.

Na same shi a gindin rumbu yana ɓarar gyaɗa. Tun daga sallama ya gane ni.

Ya ce, "Malam, kai ne? Yau dai na ji keken naka da nauyi."

Na ce, "Baba, ga alkawari."

Ya karkaɗe hannuwansa, ya goge su a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya kawo ta kusa da hanci. Ya miƙar da ita nesa. Ya juya ya ba rana baya, ya sake juyowa. Sai a lokacin na dubi baƙaƙen da idonsa, ƙanana kamar ƙwayar gero, ni da na saba yi masa kamar tafin hannu.

Ya ce, "Akwai rubutu ciki?"

Na ce, "Akwai, Baba. Cike take."

Ya ce, "To, madalla. Inji bai yi ƙarya ba." Ya ɗan yi dariya. "Zamna nan. Kai ka karanta a hankali, ni in bi da yatsa."

Na zauna kusa da shi na fara. Jakin ya zo bakin gulbi ya toge, mai shi yana lallashi. Dattijo yana gyaɗa kai, yana maimaita kalmomin bayana, yatsansa na tafiya a hankali daga hagu zuwa dama kamar yadda na koya masa, can ƙasan takardar inda babu rubutu. Na ci gaba da karatu har ƙarshe.