Mafitsarar da Na Baro a Zariya

Masu tambaya ina na shige tun bara, yau ga amsa. Ina raye, amma ba ni da mafitsara.

Da jini a fitsari abin ya fara, ba zafi ba komai. A Gozaki wa ke ɗaga hankali kan wannan? Duk wanda ya tashi yana noman fadama ya yi tsargiya, muna yara ma cewa ake alamar zama namiji ce.

Na faɗa wa yayana Bitrus, ya yi dariya. "Kai da furfura, yanzu za ka balaga?"

Mai kemis a Malumfashi bai ko ɗago kai ba, ya miƙo min ƙwayar tsargiya. Na sha, jini ya ɗauke, ya dawo, na koma na sake saya. Haka damina ta wuce, rani ya wuce.

Sai da na fara fitar da gudajin jini matata Saratu ta ce, "Baban Ladi, ko ka tashi mu je Funtua ko in kira fasto ya ɗauke ka."

A Funtua suka shafa min mai a mara suka ɗauki hoto. Mai hoton ya ce mu wuce Zariya. Can aka yi min allurar rini, aka tura ni cikin injin hoto, sannan aka zura kyamara ta hanyar fitsari. Kunya da tsoro kamar in nutse.

Likita ta nuna min: bangon mafitsara ya yi fari kamar ɓawon ƙwai, tsiro ya ci cikin nama, ya toshe bututun fitsari na hagu har ƙodar ta kumbura. Ta ce kansa ce, wato ciwon daji, irin wadda tsohuwar tsargiya ke haifarwa.

Na ce, "A kankare mana."

Ta ce, "Baba, ya wuce nan. Sai dai a cire."

Gonar fadama ta tafi a kuɗin aiki. Yanzu leda nake ɗaurawa a kan cikina, ita ke tara fitsari. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba, don ba wanda ya taɓa ce mana jinin nan na iya zama wani abu.

Na gode wa Allah, na gode wa Saratu da ta wanke abin da ba ya faɗuwa, da 'yan coci da maƙwabtanmu Musulmi da suka ba da jini.

Ka ga ja a fitsari ko sau ɗaya, je a ɗauki hoto. Kar ka tsaya a kemis.

Makon jiya abokin nomana ya zo dubiya, ya raɗa min shi ma yana gani. Na ce gobe in raka shi Funtua. Ya ce sai ya kwashe masara.