Ƙafar da Aka Ja Mini a Bakin Titin Idu

Salamu alaikum. Masu aiko mini saƙo suna tambayar ina na shige tun damina, ga ni, ban mutu ba. Jinyar ƙafa na yi, kuma har yau in na tuna yadda abin ya faru sai raina ya ɓaci.

Likita ne ya ce in rage teɓa saboda hawan jini, shi ya kai ni shiga gudun fanfalakin da aka shirya wata Asabar. Mun kawo wajen Idu, ina haki kamar tsohuwar tifa, sai ƙafata ta dama ta faɗa ramin kwalbatin da aka sace murfinsa. Na ji ƙas, na zube.

Kafin in gama salati jama'a sun yanyame ni. Wannan na sheƙa mini ruwan leda a ka, wancan na fifita da kwali, wata mai abinci ta tura mini albasa a hanci. Ina ta cewa ban suma ba, ƙafa ce, babu mai saurarena.

Sai ga wani dattijo, Malam Garba, dillalin shanu a Dei-Dei, wanda tare hanyar da aka yi saboda gudun ya tsayar da motarsa. Ya tsuguna ya latsa idon sawuna, ya ce targaɗe ne, shanu nawa ya mayar wa ƙafa da hannunsa. Na ce masa ni ba sa ba ne.

Ya ce, "Oga, ƙashi duk ɗaya ne. Ku riƙe min shi."

Ƙarti biyu suka danne kafaɗuna. Ya yi bisimilla ya ja.

Wallahi ban san ina da irin wannan muryar ba. Ihuna ne ya jawo wata ma'aikaciyar agajin gaggawa da gudu. Ta kore su, ta tallafe ƙafar yadda ta same ta, ta naɗe da bandeji, aka sa ni a motar asibiti.

Da aka ɗauki hoto, likita ya tambaya ko wani ya taɓa wurin. Na ba shi labari. Ya ce ga alama tsagewa ce da farko, wadda ɗaurin siminti na asibiti zai iya riƙewa, jan ne ya gocar da ƙashin har ya danne jijiyar jini. Yatsuna sun yi sanyi, sun fara baƙi. Ya ce, "In jini bai dawo ba, sai mun yi wata maganar."

Na gane maganar, yanke ƙafar yake nufi. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Matata Hadiza ta fita baranda wai za ta amsa waya, ina jiyo kukanta.

Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi. Inshorar ofis ta ce ƙarfe ba ya cikin nata, kuɗin hayar gida suka tafi a nan. Washegari nas ta matsa babban yatsana, ya yi fari, ya dawo ja. Ban taɓa murnar ganin yatsa haka ba.

Kun san wa ya zo duba ni? Malam Garba, da kilishi da man shanu na shafawa. Ya zauna ya ce da yarinyar nan ta bari ya ƙarasa, da ba a kai ga wuƙa ba. Na waiga ina neman abin jifa, Hadiza ta mintsine ni. Abin haushin ma, da zuciya ɗaya mutumin ya yi komai, ka rasa ta inda za ka zage shi.

Daga nan sai gashin ƙashi, sanduna, da salla a kan kujera. Juma'ar da ta wuce na taka zuwa masallaci babu sanda. Alhamdulillahi.

Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza da ta sha masifata, da ma'aikaciyar da ko sunanta ban tambaya ba, da ku masu addu'a.

Don Allah, in wani ya faɗi a gabanku, kada ku ja, kada ku murɗa, kada ku ɗaga shi tsaye a gwada ko zai taka. Ku tare masa motoci, ku yi masa inuwa, ku kira masu agaji. In ya ce ku bari, ku bari.

Likita ya ce ɗingishin nan da wuya ya rabu da ni. Shi ramin, tsaga ƙashin kawai ya yi. Sauran, masu taimako ne suka ƙarasa mini.